Daga ɗakin gwaji zuwa dandamali: yadda ƙungiyar kiɗan rok ke tsayawa da ƙafarta

"Assalamu alaikum, Yaya. Mu huɗu ne a Jidda, duk a nan aka haife mu, Hausa a gida, Larabci a waje. Babbanmu shekararsa 22, ƙaraminmu 18. Biyu suna kaɗa jita, ɗaya ganguna, ni kuma waƙa. Wata takwas ke nan muna kwaikwayon waƙoƙin rok na Turawa a ɗakin ɗayanmu. Maƙwabta sun fara ƙorafi, kuma in muka ɗauki kanmu a waya muka saurara, hayaniya kawai muke ji. Mun tara ɗan kuɗi. Mu ƙaro kaya ne, ko mu shiga situdiyo, ko mu fara zuba bidiyo a TikTok? Ta yaya ƙungiyoyin da suka yi suna suka fara? Kuma da wane harshe ya kamata mu yi waƙa?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi uku ka ƙulle wuri guda: ina kuɗin nan zai fi amfani, me ke cakuɗa muku sauti, kuma ta wace ƙofa ƙungiyar matasa ke fita har a san da ita. Situdiyo dai ba yanzu ba, sabuwar jita ma haka. Abin da za ku sa a gaba a wannan shekara shi ne minti 30 na waƙoƙin kanku, waɗanda za ku kaɗa a jere ba tsayawa, ba mai waiwayar ɗan'uwansa yana tambayar inda aka kwana. Ƙungiyar da ke da wannan tana da abin nunawa. Wadda ba ta da shi, ko mabiya nawa ta tara a waya, ranar da aka ɗora ta kan dandamali asirinta zai tonu.

Ku san zamanin da kuka faɗo ciki. Waɗanda suka riga ku a garin nan ba su samu abin da kuka samu ba. Wasted Land, masu kiɗan metal, wato rok mai nauyi da tsananin ƙara, tun 2004 suke a Jidda, kuma shekaru suka kwashe suna wasa a wuraren da sai wanda aka gayyata ke shiga. A 2008 'yan matan AccoLade, su ma 'yan Jidda, sun sa waƙarsu a shafin sada zumunta na MySpace har jaridun waje suka ɗauki labarin, amma ba su da damar tsayawa gaban jama'a. An kafa hukumar nishaɗi a 2016, bikin Soundstorm ya fara a Riyad a 2019, hukumar kiɗa ta ma'aikatar al'adu ta biyo baya a 2020, babbar ƙungiyar Metallica ta Amurka kuma ta yi wasa a Riyad a Disambar 2023. Seera, ƙungiyar mata huɗu da ta haɗu a Riyad a 2022 tana rok da Larabci, a fili ta tashi, ba a ɓoye ba. Wato ƙofa ta buɗe. Sai dai duk ƙofar da ta buɗe maka ta buɗe wa wasu, kuma masu shirya taro yanzu suna da zaɓi.

Game da yadda manya suka fara, labarin kusan iri ɗaya ne. Beatles sun je Hamburg a 1960 suna kaɗawa sa'o'i masu yawa kowane dare a ƙananan kulob. Kamfanin Decca ya saurare su a farkon 1962 ya ce ba ya so, suka canja makaɗin ganga a watan Agusta, sannan waƙarsu ta farko ta fito a Oktoba. Arctic Monkeys sun haɗu a Sheffield a 2002, suka riƙa raba faifan gwajinsu kyauta a wuraren wasa, masoyansu ne suka ɗora waƙoƙin a intanet, kundinsu na farko bai fito ba sai Janairun 2006. Kusa da gida, Mdou Moctar na Nijar a wuraren biki ya goge, waƙoƙinsa kuma suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori kafin wani Bature ya ji su. A duka ukun, yaɗuwar ta zo ne bayan hannu ya faɗa da kiɗan a gaban mutane.

Rashin bes shi ne ciwonku na farko

Jita biyu da ganguna ba tare da jitar bes ba, dole sautin ya zama hayaniya. A ma'aunin hertz, inda ƙaramar lamba ke nufin sauti mai zurfi, tsirkiyar jita mafi kauri tana amo a wajen 82, ta bes kuwa a wajen 41. Wannan gurbin na ƙasa shi ke ɗaure ganga da jita wuri guda. In babu kowa a can, masu jita kan yi ƙoƙarin cike shi ta hanyar murɗa maɓallin kaurin sauti da na ƙara a amfilifayarsu, sai su danne juna su danne mawaƙi.

Neman mutum na biyar yana yiwuwa, amma mai bes yana da wuyar samu a ko'ina, kuma kowane ƙarin mutum ƙarin wahalar haɗa lokaci ne. Ya fi sauƙi ɗaya daga masu jitar ya koma bes. Tsirkiyoyinta huɗu daidai suke da manyan huɗun jita, sai dai sun fi zurfi, don haka cikin 'yan makonni yatsu za su gane hanya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tura wanda ya fi rauni. A'a. Wanda ya fi riƙe bugu, wanda ƙafarsa ba ta kuskure in yana jin kiɗa, shi za a ba, ko da shi ne gwanin yatsu. In ya ɗauka an rage masa matsayi, a nuna masa cewa shi da mai ganga su ne ke sa kan jama'a ya motsa.

Daga nan aikin na mutum biyu ne. A kowane zaman gwaji, minti 20 na farko mai ganga da mai bes kaɗai za su yi, da manhajar ƙirga bugu a kunne. A fara a bugu 80 a minti, domin sannu ta fi sauri tona asiri. Kowane dukan gangar ƙafa ya faɗo tare da sautin bes har kunne ya kasa raba su. In ya zauna, a hau 100, sannan 120. Akwai manhajojin da ke yin shiru na ɗan lokaci su dawo. A yi amfani da su, in ƙirgar ta dawo ta same ku a gaba, kun san kuna gudu. Wurare biyu ne matasa ke gudu: shiga amshi, saboda zumuɗi, da bayan mai ganga ya yi zagayen ado a kan gangunansa, inda yakan dawo da wuri. Maganin na biyun shi ne a taƙaita adon har sai ya iya saukowa daidai kan bugun farko sau goma a jere.

Zama biyu a mako, sa'a biyu kowanne, ya fi zama ɗaya na sa'a shida. Bayan Isha'i ya fi dacewa, ba sallar da za ta raba zaman biyu. Kowa ya koyi nasa ɓangaren a gida; ɗakin gwaji wurin haɗawa ne, ba wurin koyo ba. Kuma in wuri ɗaya a waƙa yana ba da wahala, a tsaya a kansa a yi ta maimaita shi kaɗai, kada a koma farkon waƙa kowane lokaci.

Ɗaki, maƙwabta da kunnuwa

Ɗakunan gidajen Jidda siminti ne da tayil, sauti na dukan bango ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa. Shimfiɗa kafet mai kauri, labule mai nauyi, da jingina matasan majalisa a kusurwoyi zai rage wannan amsa-kuwwar sosai, kuma kusan kyauta ne. Amma kada ku ruɗe: wannan gyaran cikin ɗaki ne, ba ya hana maƙwabci ji. Soson da ake mannawa a bango da kwalin ƙwai ba sa tare sautin gangar ƙafa da na bes, domin shi ta cikin ginin kansa yake bi. Duk kuɗin da aka zuba a soso don maƙwabta asara ne.

Abin da ke aiki a bene shi ne gwajin shiru: gangunan lantarki, ƙaramar mikisa mai mashiga shida zuwa takwas, da na'urar raba sauti ga abin saurare na kunne guda huɗu. Jita da bes su shiga mikisa kai tsaye ta fedal mai kwaikwayon amfilifaya. Abu ɗaya ya rage, takun fedar ƙafa yana ratsa daɓe ya sauka wa na ƙasa. A ɗora gangunan a kan katako mai kauri da aka zaunar bisa roba ko ƙwallayen tanis, a shimfiɗa kafet a sama. Sannan sau ɗaya ko biyu a wata ku haɗa kuɗi ku kama ɗakin gwaji na haya ko istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya a bayan gari, ku kaɗa da cikakkiyar ƙara, domin wanda ya saba da gangar roba yakan ruɗe ranar da ya zauna gaban ta gaske.

In za a daidaita sauti a ɗaki, ganga ce ma'auni, tunda ba ta da maɓalli. Sai a ɗaga muryar mawaƙi har a ji kowace kalma, sannan bes, jita ta zo ƙarshe. Maɓallin da ke sa jita gurnani a rage shi zuwa rabin inda aka saba. Abin da ke da daɗi in kana kai kaɗai yakan zama ƙura a cikin ƙungiya. Maɓallin kauri na jita a bar shi wajen 3 ko 4 cikin 10, na tsakiya a ɗaga shi 6 ko 7. Amfilifaya ta hau kujera ta fuskanci kunnen mai ita, domin in tana ƙasa gwiwoyinsa take yi wa kiɗa, shi kuma ya yi ta ƙara murya yana kurmantar da wanda ke can gefe. Makirufo kuma kada ya fuskanci lasifika, nan ne wannan ƙugin mai tsaga kunne ke fitowa.

Kunne ba ya da kayan gyara. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 na sa'a takwas, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. Ganguna a ƙaramin ɗaki suna kaiwa can cikin sauƙi. Matoshin kunne na makaɗa, mai rage ƙara ba tare da dushe sauti ba, shi ne abu na farko da za ku saya, kowa da nasa.

Sauran kuɗin ga jerinsu: jitar bes, mikisa da abubuwan saurare, makirufo ɗaya mai ƙwari irin Shure SM58, da fedar saita tsirkiya ga mai jita da mai bes. Na hannu sun isa, kuma Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, cike yake da kayan waɗanda suka saya da zumuɗi suka gaji. Kafin ka biya, ka ɗaga jitar ka leƙa tsawon wuyanta ko ya murɗe, ka danna kowane gurbi ka ji ko akwai mai zuza, ka juya maɓallan ka ji ko suna ƙarar tsatsa. Ka duba bayan amfilifaya ka karanta ƙarfin wutar da take ɗauka: tsofaffin gidaje a nan suna da soket na 127 da na 220 a ɗaki ɗaya, kuma kayan da aka shigo da su daga Amurka na 120 ne, in ka soka su a 220 sun tafi ke nan. Damshin tekun Jidda yana cin tsirkiya. A goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane zama, a canja ta jita duk wata ɗaya ko makonni shida. Kada a bar jita a mota da rana ko na sa'a ɗaya, zafin yana sassauta gam ya lanƙwasa itace.

Waƙar kanku, da harshen da za ta sha

Wata takwas na kwaikwayo ya isa. Ku zaɓi uku da kuka fi iyawa ku riƙe su don ɗumama hannu, sauran lokacin a ba waƙoƙin gida. Ku sa ran goman farko yawancinsu ba za su yi kyau ba, amma a gama kowace, domin rabin waƙa ba ya koya wa mutum yadda ake rufewa. Cikin 12 ko 15 za a tsinci shida ko bakwai da suka kusa cika minti 30. Tsari mai sauƙi ya wadatar: baiti, amshi, baiti, amshi, ɗan juyi, amshi, cikin minti uku zuwa huɗu, amshin farko ya iso kafin minti ɗaya ya cika. Kafin a kafe waƙa a gwada ta a mataki uku na murya, ƙasa da sama, a ga inda muryarka ta fi sakewa. Mawaƙa matasa da yawa suna shaƙe kansu ne kawai saboda mai jita ya fi jin daɗin wani mataki.

Harshe kuwa, ra'ayina a fili yake. In kuka yi da Turanci, kuna gasa da dubban ƙungiyoyin da aka haifa cikinsa, kuma ba ku da abin da ya bambanta ku. Larabcin Hijaz shi zai sa ɗakin da kuke wasa a Jidda ya amsa muku. Hausa kuma ita ce abin da ba wata ƙungiya a jerin masu wasa da za ta iya kawowa, sannan tana buɗe muku kunnuwa daga Makka da Madina har Sudan, Nijar da Nijeriya. Yadda kuke magana a tsakaninku, kuna tsallakawa daga wannan zuwa wancan, haka waƙar za ta iya zama: baiti da Larabci, amshi da Hausa, ko akasin haka. Abin gudu shi ne cusa Hausa don ado, kalma biyu da ba su da aiki a waƙar.

Sai dai Hausa tana da sharaɗi a kan karin waƙa. Tana da dogon gaɓa da gajere, tana da hawa da saukar murya, kuma in ka ɗora kalma a kan karin da ya ja gajeren gaɓa ko ya juya mata murya, Bahaushe zai ji ta karkace ko da bai san dalili ba. Don haka kada a gama kiɗa sannan a nemi kalmomin da za a tura ciki. Ka faɗi layin da baki kamar kana magana, ka ɗauka a waya, ka saurari inda ya hau da inda ya sauka, karin ya bi wannan. Dogon gaɓa shi ke zama kan dogon sauti. In akwai wata gwaggo ko kaka a gida mai kunnen waƙa, rera mata layin ba kiɗa; inda ta yamutsa fuska, nan gyara yake.

Ta fuskar kiɗa kuna da sa'a. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma a kan tsanin sautuka biyar ɗin ne jitar rok ta fi yawo, shi ya sa jitar Abzinawa ta shiga kunnen duniya ba tare da ta canja kamanninta ba. Abin da mai gurmi ko mai garaya ke maimaitawa da yatsa zai iya komawa kan jitar lantarki kusan yadda yake. Bugun ne ke buƙatar aiki: kiɗan kalangu da na biki da yawa uku-uku suke tafiya, rok kuwa huɗu-huɗu. Mai ganga ya riƙe huɗu da ƙafa, ya kaɗa uku-uku a kan farantin ƙarfe da hannun dama, a hankali sosai tukuna. Makonni zai ɗauka, amma in ya zauna, ƙungiyarku ta samu tafiyar da ba a saya a kanti. Ga kuma mizmar, wasan rawa da sanduna na Hijaz, a ƙofar gidanku, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, da gangunansa da tafinsa da amsa-amon jama'a. Tsarin jagora da 'yan amshi da muka gada ya fi kowace dabara saurin jawo ɗaki cikin waƙa: layi gajere da baƙo zai iya maimaitawa a ji na biyu. Gargaɗi ɗaya ga mai jita: maƙamai, wato tsanin sautukan kiɗan Larabawa, irin Hijaz, Kurd da Nahawand suna hawa jita lafiya, amma Rast da Bayati suna da sautin da ya faɗa tsakanin gurabe biyu, jita mai gurabe ba ta da shi sai an ja tsirkiya, kuma in mawaƙi ya rera shi a kan haɗin sautukan jita na yau da kullum sai su yi karo.

Fita gaban mutane

Wasan farko a yi shi gaban mutum 15 ko 20 na sani, a istiraha, waƙa huɗu. A kafa waya a bayan ɗaki ta ɗauki jama'ar, ba ku ba. Washegari ku kalla ku ga a wace waƙa aka fara duba waya ko hira. Abokai ba za su faɗa muku gaskiya da baki ba, amma jikinsu zai faɗa. Bayan haka sai dararen buɗaɗɗen makirufo, inda kowa zai iya hawa ya yi wasa, a gidajen gahawa da cibiyoyin koyon kiɗa, sannan buɗe wa wata ƙungiya da ta girme ku. Ku riƙa zuwa wasannin wasu ko ba ku cikin jeri, domin yawancin gayyata daga bakin makaɗa 'yan'uwa take fitowa. Taron XP na masu harkar kiɗa da ake yi a Riyad kafin Soundstorm wuri ne na haɗuwa da masu shirya wasanni, amma zuwa can ba tare da bidiyon wasa mai kyau a waya ba ɓata kuɗin jirgi ne.

In an ba ku minti 30, ku shirya 26. A buɗe da waƙar da hannu ya fi sabawa da ita, ba mafi wuya ba, domin a mintunan farko yatsu na rawa. Tsakanin waƙa da waƙa kada ya wuce daƙiƙa 15, saitin tsirkiya kuma a yi shi shiru ta feda. A tura wa mai kula da sauti takarda ɗaya tun kafin ranar: mutum nawa, wa ke tsayawa ina, layi nawa kuke buƙata. A jaka a samu ƙarin tsirkiya, ƙarin waya biyu, sandunan ganga, batir mai bolt 9, da salatif. In wani ya yi kuskure, kada a kalle shi. Rabin jama'a ba su ji ba sai sun ga fuskokinku.

Takardu, kuɗi da gida

Taron jama'a a ƙasar nan sai da tasrihi, wato izinin hukuma, kuma yawanci mai wuri ko mai shirya taron ne ke da alhakin nemansa. Ku tambaya kafin ku amsa gayyata, musamman in ana sayar da tikiti. Cikinku in akwai ɗan ƙasa da mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, matsayinsu a wajen karɓar kuɗin aiki ba ɗaya ba ne, domin dokar zama ta ɗaure mai iƙama da aikin da ke kan takardarsa. Wannan magana ce ta lauya ko ofishin da abin ya shafa, ba ta mai gyaran sauti irina ba, kuma a warware ta kafin riyal na farko ya shigo.

Tun yanzu, kafin a samu abin faɗa a kai, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu: wa ke da sunan ƙungiya in wani ya fita, wa ke riƙe kalmar sirrin shafukan, kayan da aka saya da kuɗin haɗaka na wa ne, kuma yaya ake raba haƙƙin waƙa. R.E.M. ta Amurka daidai take raba sunan marubuci tsakanin membobinta ko wa ya kawo waƙar, kuma ta yi shekara 31 tare. Ba dole ku bi wannan ba, amma ga ƙungiyar da kowa ke gina nasa ɓangaren, shi ya fi kashe gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ƙungiyoyin matasa tsagar ba ta cika wuce abu biyu ba: kuɗi, da mutum ɗaya da kullum yake makara. Ku yanke tun yau fashi nawa ba uzuri ne ke sa a zauna da mutum.

Maganar hukuncin kiɗa, malamai sun yi ta tun da daɗewa, da yawa sun hana kayan tsirkiya, wasu kamar Ibn Hazm sun halatta, kuma fatawa ba fagena ba ne. Abin da ya shafi aikina shi ne ƙungiyar da ake yi a ɓoye wa iyaye ba ta cika wuce wasan farko da aka ɗauka a bidiyo ba, tunda a unguwanninmu labari ba ya kwana. Kowa ya yi magana da gidansu da bakinsa kafin wani ya kai. Karatu da aiki kuma su ci gaba. A shekarun farko ƙungiya ci take yi, ba ta ciyarwa.

Sai yaushe situdiyo?

Bayan kun kaɗa waƙoƙin gaban baƙi kamar sau takwas ko goma. A lokacin ne za ku san biyun da jama'a ke amsawa, kuma sau da yawa ba su ne kuka fi so ba. Su biyun kaɗai za a ɗauka. A shiga da saurin kowace waƙa a rubuce, sababbin tsirkiyoyi da aka ɗaura kwana ɗaya kafin ranar don su zauna, da mai ganga da ya saba da ƙirga a kunne. Ganga da bes a fara ɗauka tare, sannan jita, murya a ƙarshe, kuma in hali ya yi a ba murya ranarta daban. Ku karɓi kowane layin sauti a rarrabe bayan an gama, ba haɗaɗɗen kawai ba, don in kuna so wani ya sake haɗawa nan gaba.

TikTok da Instagram ba sai an jira situdiyo ba, amma abin da za a sa shi ne daƙiƙa 20 zuwa 30 na amshin waƙarku ana kaɗa shi da gaske, da sauti daga mikisa, ba daga makirufon waya ba. Ɗorawa a Spotify da Anghami ta hannun kamfanonin rarrabawa ake yi. Spotify sai an saurari daƙiƙa 30 yake ƙirga ji ɗaya, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai ji 1,000 a wata 12 ba ba ta samun ko sisi, don haka kada ku sa ran kuɗi daga can a farko. A miƙa waƙa ga masu tace jerin waƙoƙin Spotify aƙalla kwana bakwai kafin ranar fita, mako uku ko huɗu ya fi. A kauce wa fitarwa a Ramadan da kwanakin Hajji, lokacin hankalin mutanenmu yana wani wuri kuma wuraren wasa sun yi sanyi. Watannin sanyi, daga Oktoba zuwa Maris, su ne kakar wasanni. Masu sauraron Hausa kuwa da yawansu a YouTube, Audiomack da WhatsApp suke, saboda haka a tanadi ƙaramin fayil mai sauƙin turawa, da sunan ƙungiya a rubuce cikin sunan fayil ɗin da haruffan boko da na Larabci.